Garin Neman Gira

Wata yarinya 'yar bautar ƙasa ce ta fara sa ni tsayawa a gaban madubi. An turo ta ofishinmu a Abuja, sashen binciken kuɗi, ta yi wata uku tana raɓe-raɓe, in ta hango ni a baranda sai ta sake hanya. Ran nan ta kawo min fayil, ta russuna, murya na rawa ta ce, "Hajiya, don Allah in wani laifi na yi miki ki yafe min." Na ce laifin me? Ta ce tun da ta zo ban taɓa sakar mata fuska ba. Ni kuwa Allah ya sani, a lokacin ba abin da ke raina sai tunanin ko an sayo gas a gida.

Mutum in zai duba madubi yakan gyara fuska tun kafin ya isa, shi ya sa bai san fuskar da jama'a ke gani ba. Ranar na shiga banɗaki na kalli tawa yadda take. Layi biyu a tsaye tsakanin girata, kamar an rubuta 11, na dama ya fi zurfi. Shekara ashirin da wani abu ina ƙura wa lambobi ido, ga ranar Kano da na taso ina ƙanƙance ido a cikinta, ga kuma gado, don marigayi mahaifinmu yana da irinsu. Shekarata 47. Tsufa bai taɓa ba ni tsoro ba, furfurata ma ban damu da rina ta ba tunda ɗankwali ya rufa asiri. Abin da ya tsaya min a rai shi ne an ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuma tawa ƙarya take sharara min. Ina zaune lafiya, ita tana gaya wa mutane na haɗe girar sama da ta ƙasa.

Ga bikin babbar 'yata saura wata uku. Duk wadda ta yi uwar amarya a zamanin nan ta san masu ɗaukar hoto ba sa barin ta ta numfasa.

Wata ƙawata ce ta fara ambata min allurar Botox, wadda ake yi don a baje layin fuska. Ta ce akwai mai gyaran jiki da ke zuwa har gida, ita ke mata dilka da halawa, yanzu kuma ta ƙara da allurar, kuɗinta bai kai rabin na asibiti ba. Na je gidan ƙawar tawa ranar da za a yi mata, da niyyar in na ga abin ya yi ni ma in miƙa goshi. Matar tana da fara'a, bakinta da zaƙi. Ta zuge jaka, tsakanin kwalaben humra da turaren wuta ta zaro sirinji guda uku, an riga an zuƙa ruwa a ciki. Ba kwalba, ba kwali, ba ƙanƙara. Na ce, "Baiwar Allah, ina kwalbar maganin?" Ta ce ai ta bar ta a gida, kuma wannan ba ya lalacewa. Na ce na tuna na bar tukunya a kan wuta.

Ƙawata ta yi, ta biya, ta jira mako uku, fuskarta ko gezau. Ta yi ta mitar an cuce ta, na ce ta gode wa Allah in ruwa kawai aka tsira mata. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun bi sawun mata a jihohi da dama da aka yi wa allurar jabu, ko aka yi musu a gidaje da shagunan kwalliya, wasu sai da aka kwantar da su asibiti: gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi nauyi. A 2025 an sake ganin irin haka a arewa maso gabashin Ingila. In ƙasashen da ke da tsauraran dokoki sun sha wannan, ina ga mu da ake sayar da magani a faranti a tasha?

Aikina ya koya min kada in sa hannu a takardar da ban karanta ba, don haka na yi dare uku ina karatu a waya bayan kowa ya yi barci. Abu na farko da na gano ya kusa sa ni fasawa: abin nan dafi ne, kuma yana cikin mafi ƙarfin dafin da ɗan Adam ya sani. Wata ƙwayar cuta ce ke fitar da shi, Clostridium botulinum, wadda ke zaune a ƙasa, tana kuma yaɗuwa a abincin da aka rufe ba iska, kamar na gwangwanin da ya kumbura. Wajen 1820 wani likita a Jamus, Justinus Kerner, ya yi rubutu a kan mutanen da ke shanyewa bayan sun ci naman da ake niƙawa a ɗura a hanji, daga sunan wannan naman a Latin ne ma aka samo sunan dafin. A 1895 a wani ƙauye a Beljiyam makaɗa suka ci naman alade mai gishiri bayan wata jana'iza, uku suka mutu, a ragowar naman ne Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar.

Yadda ya koma kayan kwalliya kuwa, tsintuwa ce. Wani likitan ido a San Francisco, Alan Scott, shi ya fara tsira ɗan mitsitsin dafin a tsokar idon masu harara-garke don ta saki ido ya miƙe, aka amince da maganin a Amurka a 1989, kamfanin Allergan ya saya ya raɗa masa suna Botox. A 1987 wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, tana yi wa masu ciwon matsewar fatar ido allurar, sai aka lura layin da ke tsakanin girarsu yana bajewa. Mijinta Alastair likitan fata ne. Ka ji inda kasuwa ta buɗe. Sai a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi ta don layin tsakanin gira, daidai wurin da ke damuna, na gefen ido ya biyo baya a 2013, na goshi a 2017. Har yanzu ana amfani da ita a matsayin magani na gaske, ga masu ciwon ɓarin kai mai naci da masu zufar hammata da ta wuce kima. Wani abin dariya da na ci karo da shi: a 2018 an kori raƙuma goma sha biyu daga gasar kyau ta raƙuma a Saudiyya saboda masu su sun yi musu allurar a leɓe da hanci. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ce.

Daga nan sai maganar da ta fi nauyi. Na kira Yayana a Kano, wanda duk gidanmu shi ke da karatun addini. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ya yi shiru, ya ce, "Ke yanzu da girmanki?" Na ce, "Yaya, hukunci na tambaya, ba faɗa ba." Ya ce Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Malesiya a 2007 a kan aikin gyaran jiki, kuma matsayarta ita ce ba a kawar da tamoji da tiyata ko allura sai in larura ce ta rashin lafiya. Majalisar fatawa ta Malesiya ma ta hana Botox don ado tun 2006. Amma bai ɓoye min ɗaya ɓangaren ba: Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2020 cewa ya halatta, in kayan masu tsarki ne, ba cutarwa, ƙwararre ne zai yi, kuma ba don wata manufa da ta saɓa wa shari'a ba. Masu halattawa suna ganin abin da ke gushewa da kansa cikin watanni ya fi kusa da ado a kan canja halitta. Ya ce shi dai yana tare da masu hanawa, kuma da zan ji tasa da na bari. Ban ji tasa ba. Na ɗauki fatawar masu sauƙaƙawa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ta kwanta ɗari bisa ɗari ba. Wadda za ta yi, ta tambayi malamin da ta yarda da shi, kada ta ce ni na ce.

Maigida kuwa dariya ya yi. Ya ce, "Shekara ashirin da biyar ina shan hararar nan, yanzu da na saba za a raba ni da ita?" Na ce, "Alhaji, izini nake nema." Ya ce in dai likita ce ta gaske, in je, amma kada in dawo masa da fuskar 'yar tsana.

Na samu likitar fata a wani asibiti mai zaman kansa. 'Yar Jos ce, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Zuwan farko ba a taɓa ni da allura ba, magana kawai muka yi kusan minti arba'in. Ta tambaye ni ko ina da ciki ko ina shayarwa, muka yi dariya. Ta tambayi ko ina da wani ciwo na raunin tsoka, irin wanda fatar ido ke faɗuwa da yamma ko haɗiya ke wahala, don mai irin wannan ba a yi masa. Ta tambayi magungunan da nake sha, musamman ko an yi min allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, saboda tana ƙara wa dafin ƙarfi. Ta tambayi asfirin da magungunan ciwon jiki masu sa jini ya ƙi tsayawa, don suna sa wurin ya yi tabo. Ta kuma tambaye ni, ba tare da ta kalli idona ba, ko ina shafa man bilicin. Na ce a'a. Ta ce ta tambaya ne don yawancinsu suna sa fata ta yi siriri.

Sai ta ba ni madubi ta ce in ɗaure fuska iya ƙarfina. Na ɗaure. Ta ce, "Hajiya, lallai yaran ofishinku suna da haƙuri." Ta dafa wurin da yatsa ta nuna min tsokoki: biyu suna jawo gira zuwa tsakiya, ɗaya a saman karan hanci tana jawo ta ƙasa. Su ne ke ninke fatar kamar yadda ake ninke takarda a wuri ɗaya sau dubu har ta yi layi. Ta ce jijiya tana ba tsoka umarni ne ta hanyar fesa mata wani sinadari, asetilkolin. Dafin yana shiga bakin jijiyar ya datse wani furotin da ke buɗe wa sinadarin ƙofa, umarni bai isa ba, tsoka ta kwanta. "Kamar 'yan NEPA ne suka yanke wa gida ɗaya waya," in ji ta. "Kin kuwa san halin mutanenmu, cikin wata uku zuwa huɗu jijiyar za ta sake jan wata wayar." Jijiyar da ke sa a ji taɓawa daban take, don haka wurin ba zai mutu ba, motsi ne kawai zai tsaya.

Ta gaya min abu biyu da ban so ji ba. Na ɗaya, layin dama ya riga ya zauna a fata, ko ban motsa ba yana nan, allura za ta rage shi ne kawai ba za ta share shi ba. Na ce na ji akwai wata allurar da ake cika rami da ita. Ta girgiza kai ta ce ita ba ta sa wannan a tsakanin gira, don jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da na ido, in abin ya shiga ɗaya daga ciki mutum na iya makancewa, kuma an samu waɗanda hakan ta faru da su. Na ce, "Garin neman gira ke nan." Ta ce, "A rasa ido. Ni kaina da karin maganar nan nake yi wa mutane bayani." Na biyu, ko a hannun gwani, dafin kan ɗan gangara ya taɓa tsokar da ke ɗaga fatar ido, ido ɗaya ya yi kamar mai jin barci. A gwajin da aka yi kafin amincewa da maganin, kimanin mutum 3 cikin 100 ne suka gamu da haka. Ba allurar da ke warware shi, akwai dai maganin ɗigawa da ke ɗan taimakawa, sauran sai haƙuri na makonni. Shi ya sa ta ce in yi saura mako shida biki, kada in yi saura mako ɗaya.

Ni ma na yi mata nawa binciken. Na ga takardar shaidarta ta Majalisar Likitoci ta Najeriya a bango, na tambaye ta inda suke ajiye maganin da abin da ke faruwa in an ɗauke wuta. Ta kai ni ta nuna min firjin, da ma'aunin sanyi a jikinsa, ta ce dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma yana kan batirin sola. Ba ta ji haushi ba, ta ce da kowa na tambaya haka da an huta.

Da muka zo sa rana ta ce bayan allura ana so in yi awa huɗu ban kwanta ba, ban sunkuya ba, ban murza wurin ba. Ta ce gaskiya hujjar awa huɗun ba ta da ƙarfi sosai, amma kiyayewa ba ta cin komai. Na ce to sujada fa? Ta yi murmushi ta ce shi ya sa take ba masu salla ƙarfe tara na safe, kafin Azahar lokacin ya cika. Alwala kuma ba matsala, tunda ba abin da ke zama a kan fata, in dai wanke fuskar a hankali. Dilka da turara fuska kuwa in ɗaga musu ƙafa na 'yan kwanaki.

Ranar Talata na je. Ta ciro kwalin a gabana, na duba ranar ƙarewar aiki da lambar rukuni, na ɗauki hotonsu. Da ta fito da kwalbar sai gabana ya faɗi, don ba komai a ciki. Na ɗaga ta sama, sai wani ɗan hazo-hazo a gindinta kamar an huci gilashi. Na ce, "Likita, wannan na biya wa kuɗin leshi mai tsada?" Ta ce haka yake, dafin da ke cikin kwalba mai yunit 100 (da yunit ake auna ƙarfinsa) kimanin nanogiram 5 ne, wato kashi biyar cikin biliyan na giram ɗaya, sauran ɗan gishiri ne da wani furotin da ake tacewa daga jinin mutum don ya riƙe shi. Ta tsira allurar ruwan gishiri a murfin, kwalbar ta zuƙe ruwan da kanta, ta ce wannan ma alama ce ba a taɓa buɗe ta ba. Ta juya ta a hankali, ba ta girgiza ba. Ta ce yunit 20 za ta yi min, wuri biyar, huɗu-huɗu. Ta ƙara da cewa yunit ɗin kowane kamfani daban ne, na wani irin maganin mai suna Dysport misali 50 ake sawa a wurin nan, don haka in wani ya ce min zai ba ni yunit da yawa a kuɗi kaɗan, in tambaye shi na wane kamfani.

Nas ta goge min goshi da auduga, ta ɗora ƙanƙara. Likita ta sa na sake ɗaure fuska, ta ɗiɗɗiga alama da farin fensir. Allurar siririya ce irin ta masu ciwon sukari. Na yi bisimilla na rufe ido. Ta farko a saman hanci, kamar cizon cinnaka. Biyun da ke kusa da kan gira sun fi zafi, har na ji wani ɗan ƙaras a cikin kaina kamar an taka busasshen ganye, hawaye ya zubo daga ido ɗaya ba da izinina ba. Tana sa babban yatsanta a ƙashin saman ido duk lokacin da za ta tsira, ta ce shinge take yi wa fatar ido. Kafin in gama karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ta ce an gama. Na duba madubi, ƙuraje biyar kamar cizon sauro, kafin in isa mota sun baje. Na koma ofis, na yi Azahar ƙarfe biyu, na sa goshi a ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daren nan kaina ya ɗan yi ciwo, na sha farasitamol. Washegari ba komai. Rana ta biyu ba komai, na fara cewa ni ma an sayar min da ruwa. Rana ta huɗu ina duba wani lissafi da bai daidaita ba, na ji ina son in tsuke gira amma wurin ya yi nauyi, kamar an manna min filasta. Zuwa kwana goma, in na tsaya a madubi na ba fuskata umarni, sai ta yi biris da ni. Layin hagu ya ɓace sam. Na dama ya koma kamar zanen fensir da aka goge. Ba wanda ya ce na yi wani abu. Abin da aka riƙa cewa shi ne na huta, ko na dawo daga hutu ne. Masinjanmu ya ce, "Hajiya, kwanan nan kina cikin nishaɗi." Ina cikin bashin kayan ɗaki har wuya.

Sai girar hagu ta yi min tawaye. Wutsiyarta ta ɗage sama ita kaɗai, na koma kamar wadda aka gaya wa magana ba ta yarda ba. Maigida ya dube ni a kan abinci ya ce, "To me kuma na faɗa?" Na kira likita a tsorace. Ta ce ba abin damuwa ba ne, tsokar goshi ce ta gefe ta samu sarari tana ja ita kaɗai, in zo ranar da ta cika mako biyu kamar yadda muka yi. Ta sa yunit 2 a saman wurin, ba ta karɓi ko kwabo ba, cikin kwana biyar gira ta sauko. Da a jajibirin biki na yi allurar, da haka zan fito a kowane hoto.

Abin da ba wanda ya gaya min, ba likita ba, ba karatun dare ba, shi ne yawan aikin da nake yi da wannan wurin. Wata Asabar surukan 'yata suka zo gaisuwa, aka kawo musu kaji. Autana, ɗan shekara tara, ya raɓo ya miƙa hannu a farantin baƙi. Na watsa masa kallon da na gada daga Hajiyarmu, kallon da ya yi renon yara huɗu ba tare da na ɗaga murya a gaban baƙo ba. Yaron nan ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗauki cinya. Na ƙara zare ido. Ya ce, "Mami, ke ma kina so ne?" Sai da na buɗe baki na kore shi, a gaban surukai. A kasuwar Wuse mai atamfa ya faɗi kuɗin da ya kamata in tsuke fuska in juya, na tsuke a zuciya, shi kuwa yana ganin Hajiya ta gamsu, ya ƙi ragi.

Wanda ya fi damuna shi ne gaisuwar mutuwa. Mijin wata abokiyar aikina ya rasu, muka je. Na zauna kusa da ita, zuciyata ta karye, ina jin kuka yana taso min, amma na san saman fuskata a shimfiɗe yake kamar ba abin da ya faru. Ashe tsokar da ke ɗaure fuska ita ce kuma ke nuna tausayi. Na ja mayafi na rufe goshi har gira, na riƙe hannunta. Ban sani ba ko wani ya lura. Ni na lura. Na je ne don fuskata ta daina yi min ƙaryar fushi, sai ga ta tana yi min ƙaryar ko-in-kula.

Biki ya zo ya wuce lafiya. Hotuna sun yi kyau, ba zan ɓoye ba, in don su ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daren kai amarya na yi kuka har ɗankwali ya zame, wannan kam allura ba ta hana ba. Hajiyarmu da ta zo daga Kano ta kama haɓata ta juya fuskata ga haske, na ce yau asiri ya tonu. Ta ce, "Abuja ta karɓe ki, har kin yi kumatu." Yaya ne kawai ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Kin dai yi ke nan." Na ce, "Na yi, Yaya." Ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin alkakinsa.

A wata na uku na fara jin wurin yana ɗan motsi, kamar ƙafar da ta yi sanyi tana dawowa. Kafin ƙarshen na huɗu lambar 11 ta dawo mazauninta, ba ta fi da zurfi ba, in ma da bambanci ta ɗan yi laushi. Tsoron da ake ba mutane cewa in ka bari fuska za ta zube, ban gan shi ba. Na zauna na yi lissafin da na iya: sau uku a shekara, kowace shekara, kuma da dala ake shigo da maganin. Na ga kuɗin makarantar auta a ciki. In wani babban sha'ani ya taso wataƙila in sake, amma zan ce ta rage yawan, a bar min abin da zan yi wa yaro magana da shi. Na sayi tabarau na karatu, wanda likitar ta ce tun farko rashinsa na cikin abin da ke sa ni tsuke ido, na sayi na rana kuma na ajiye a mota.

Waccan yarinyar ta gama bautar ƙasarta tana ganin addu'arta ce ta sauya ni, har ta kawo min turare ranar sallama. Watan jiya aka turo sababbi uku. Ranar farko na tara su a ofishina na ce, "Ku saurara. Haka fuskata take, gadon gidanmu ce, ba fushi nake da kowa ba. Wanda ke da tambaya ya shigo kansa tsaye." Suka haɗa baki suka ce, "To, Hajiya." Ba wanda ya ɗago kai a cikinsu.